Pawa Saflai Ko Caja? Yadda Na Haɗa Wa Kawuna Batirin Shagon Ɗinki

Sana'ata gyaran waya ce, a kasuwar Farm Centre da ke Kano nake zama. Duk wanda ya taɓa leƙa teburin mai gyara ya ga akwatin nan mai nuna lambobi layi biyu, ɗaya na bolt ɗaya na amfiya, da jar waya da baƙa suna fitowa ta gabansa. Shi muke kira pawa saflai. Nawa irin wanda ya fi yawa a kasuwa ne, mai bolt 30 da amfiya 5. Aikinsa na kullum shi ne mu jona shi a fanel ɗin waya mu ga yawan wutar da take ja, mu gane ko akwai shot a ciki. Wani lokaci mukan ɗan taɓa batirin wayar da ya yi barci da shi don ya farka. Amma a ɗauke shi a matsayin caja, a cika batir da shi tun daga ƙasa har sama, ban taɓa zama na yi ba sai da aikin kawuna ya zo.

Kawuna tela ne a Fagge. Yana da fanka mai bolt 12 da ƙwayaye biyu na LED, duk a kan batirin dalma ɗan ƙarami mai 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya riƙewa), irin wanda ake samu a cikin UPS, akwatin nan da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Batirin ya gaji, in an cika shi ko awa guda ba ya yi, ga bazara ta kankama, ga ɗinki ya taru. Ya ji labarin samarin da ke haɗa batir daga tsofaffin batiran laftof, sai ya kira ni.

"Kai da kullum hannunka na cikin batir, ba za ka haɗa mini irin na yaran nan ba?"

Na ce, "Kawu zan haɗa, amma ka yi mini haƙuri, ba aikin yini ɗaya ba ne."

Na je titin Beirut na tsinto matattun batiran laftof a wajen masu gyaran kwamfuta. In ka fasa robar, yawanci ƙwaya shida za ka tarar a ciki, na lithiyom irin waɗanda ake kira 18650, wato kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Sau da yawa ƙwaya biyu ne kawai suka lalace suka ja wa sauran huɗun, allon kariyar da ke ciki ya kulle batirin gaba ɗaya. Na raba su da filaya a hankali, na bi kowace da mita. Waɗanda suka nuna bolt 3 zuwa sama na ware su gefe. Masu tsakanin 2 da 3 na yi musu nasu rukunin. Duk wadda ta gaza bolt 2, ko ta yi tsatsa, ko ta loɓa, ban ko yi shawara da zuciyata ba na fitar da ita. Ƙwayar da ta daɗe a ƙasa haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa, in aka sake cajinta ya taru inda bai kamata ba, ya haɗa shot daga ciki inda ido ba ya gani.

Nan tambayar ta taso. Ga ƙwayoyi jibge a kan tebur, ga pawa saflai a gabana wanda na riga na mallaka. In sayi caja ta musamman, ko in yi da abin da ke hannu? Na yanke shawarar in fara da abin da ke hannu.

Abin da batirin lithiyom yake buƙata bai da wuyar ganewa in ka taɓa tsayawa kusa da mai garuwa yana cika jarka. Da fari yakan saki famfo ruwa na zuba da ƙarfi ɗaya, in ya zo wuya ya rage, in ta cika ya rufe. Haka cajin yake: a ba ƙwaya karant ƙayyadadde (wato yawan wutar da ke shiga, wadda ake aunawa da amfiya) boltejinta na hawa, in ta kai bolt 4.2 a tsayar da boltejin cak, karant ya riƙa sauka da kansa, in ya sauka sosai a yanke wuta. Matakai biyun farko, pawa saflai da su aka haife shi. Fitilun nan biyu da ke gabansa, CC da CV, ainihin abin da suke nufi ke nan. In CC ce a kunne, karant yake riƙewa. In CV ce, bolteji yake riƙewa.

Ga yadda na saita shi. Na kunna shi babu komai a jone, na murɗa bolteji, sannan na ɗora mitata a bakin wayoyin, don ban yarda da lambar da ke allonsa ita kaɗai ba. Allo na cewa 4.20, mita na cewa 4.24. A gyaran fanel wannan bambancin ba ya hana barci, amma a lithiyom sassaucin da masu ƙera ƙwayoyin ke bayarwa kusan 0.05 ne kacal, ka ga ya cinye kusan duka. Tunda ƙwayoyin tsofaffi ne kuma ban san tarihinsu ba, sai na saukar da shi zuwa 4.1 bisa karatun mita. Ƙwayar da aka tsayar a 4.1 tana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na abin da za ta ɗauka, amma ta fi samun sauƙi.

Sai karant. Na haɗa bakin jar waya da baƙa, fitilar CC ta kama, na murɗa har ya tsaya a rabin amfiya, na raba su. Sababbin pawa saflai suna barin ka saita wannan ba tare da ka haɗa wayoyi ba, nawa dai tsohon yayi ne. Yawancin ƙwayoyin laftof 2200mAh ne ko 2600mAh suna sababbi (mAh dubu shi ne Ah ɗaya), za su iya ɗaukar amfiya ɗaya cikin kwanciyar hankali, amma na zaɓi rabi saboda shekarunsu.

Akwai abu guda da nake so duk mai niyyar gwadawa ya riƙe da kyau, shi ne juya ƙafa. Mutane na zaton tunda sun ƙayyade karant, ko sun juya ja da baƙi ba abin da zai faru. Ƙayyadewar nan tana aiki ne a kan wutar da na'urar ke fitarwa, ba ruwanta da wadda batir zai turo. Da yawa daga cikin na'urorin nan suna da dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, a gicciye a bakin fitarsu, in ka juya batir sai ya zazzage duk ƙarfinsa ta cikinta, waya ta yi ja, wani abu ya ƙone. Shi ya sa na saka fiyus a kan jar wayar, kuma kowace ƙwaya sai na duba kanta da gindinta sau biyu kafin in saka ta a gidanta, wato abin da ke riƙe ta lokacin caji. Gidan kuma a kan tayil na ɗora shi, da bokitin yashi a ƙarƙashin tebur. A kasuwa irin tamu, shaguna manne da juna kuma kowanne cike da batira, ba a wasa da wannan.

Masu bolt 2 zuwa 3 su na fara ba wa lokaci. Na saukar da karant zuwa 0.1, na jona, na zuba wa mita ido. Mai sauran rai za ka ga tana hawa sannu a hankali har ta haye bolt 3, sai in mayar da ita rabin amfiya. Wadda ta yi kusan rabin awa tana dabur-dabur a wuri ɗaya, na cire ta. A nan pawa saflai ya nuna mini amfaninsa na farko, domin akwai cajojin da in suka ga ƙwaya ta yi ƙasa sosai sai su yi kamar ba a saka komai ba.

Ana cikin cajin wata ƙwaya yaron shagona ya leƙo ya ce, "Oga, allo 4.1 yake nunawa amma a jikin batirin bai kai ba. In ƙara masa kaɗan?"

Na ce, "Kul, kada ka taɓa. Zauna ka gani."

Abin da ya gani gaskiya ne. Wayoyin da kilif ɗinsu suna cin ɗan bolteji muddin karant na gudu a cikinsu. Amma yayin da karant ke sauka, abin da suke ci ma sauka yake, a ƙarshe boltejin ƙwaya ya zo daidai da na na'ura. In ka ƙara don ka cike giɓin farko, ƙarin nan gaba ɗaya a kan ƙwayar zai sauka a ƙarshen caji, lokacin da ta fi rashin buƙatarsa. Ya zauna ya ga lambobin suna matsowa kusa da juna da kansu.

Inda na fi jin daɗin na'urar shi ne bayan fitilar CV ta kama. Lafiyayyar ƙwaya karant ɗinta sauka yake ba tsayawa: 0.4, 0.3, 0.2, har ya zo 0.1 in cire. Amma na ci karo da wasu da suka sauko zuwa wajen 0.3 suka ƙi gaba. In ka ɗora bayan yatsa a jikinsu sai ka ji ɗumi yana ƙaruwa. Wutar da ke shiga ba ajiye ta suke ba, yoyo suke yi daga ciki suna mayar da ita zafi. A mita lafiya lau suke nunawa, da ido ma ba ka ganin aibinsu. Da caja mai jar fitila da koriya kawai na yi amfani, abin da zan gani bai wuce ta daɗe ba ta koma kore ba. Lambar amfiyar da ke tsaye a gabana ita ta tona su. Don in iya bambance ɗumin ƙwaya da ɗumin gari, da safe nake wannan aikin. Ƙa'idar cajin lithiyom kada zafi ya wuce digiri 45, a watan Afrilu kuwa Kano kan kai 40 da rana, balle cikin shago mai rufin kwano.

Maigidana da ya koya mini sana'a ya biyo wata rana dab da azahar, ya tsaya yana kallon abin da nake yi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Saitinka ya yi. To in an kira salla wa zai cire?"

Na ce, "Maigida, cirewa nake kafin in fita, in na dawo in mayar."

Ya ce, "Yau ka tuna. Ranar da kwastoma uku suka tsaya a kanka fa?"

Maganarsa ta taɓa daidai inda na'urar ta gaza. Mataki na uku, wato yankewa, babu shi a cikinta. Za ta riƙe bolteji a kan ƙwaya har gobe, har jibi, ba ta san an cika ba. Batirin dalma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa tun 1859, yana jure a bar shi a jone a kan bolteji mai sauƙi. Lithiyom da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991 ba haka yake ba. Barin sa a cike a ƙarƙashin wuta, musamman cikin zafi, tsufar da shi yake. Kuma abin murɗa bolteji a buɗe yake, hannun riga ma zai iya goga shi ya tashi daga 4.1 zuwa 5 ba ka lura ba. Na'urar ba ta san lithiyom ne a bakinta ba, ba ta auna zafi, ba ta ƙirga lokaci. Duk waɗannan ni ne nake yi mata, kuma ni ina da kwastomomi.

Sai matsalar da ta fi shafar mu a nan, ɗaukewar wuta. Ƙa'ida ita ce ka kunna na'ura kafin ka jona batir, ka cire batir kafin ka kashe ta. In wuta ta ɗauke, an kashe maka ita ke nan batir na jone. Wutar ƙwaya sai ta juyo baya ta shiga na'urar. A wasu ƙwayar ce kawai za ta riƙa tsiyayewa, a wasu kuwa kayan cikin na'urar ne ke lalacewa. Sannan lokacin da aka tada inji wuta ta dawo, ba kowace na'ura ce ke tashi a natse ba. Ana magance komawar wuta da saka dayod a kan jar waya, na kuma gwada. Sai dai dayod ma tana cin nata boltejin, tsakanin 0.3 da 0.7 gwargwadon irinta, kuma cin nata raguwa yake in karant ya ragu, ka ga lissafin 4.2 ya ƙara rikicewa. A batirin dalma wannan ba wani abu ba ne, a lithiyom kuwa ban samu natsuwa da shi ba. Na cire dayod ɗin, na koma zare waya da hannu duk lokacin da fankar shagona ta tsaya, alamar wuta ta ɗauke.

Ga kuma lissafin lokaci. Ƙwaya ɗaya a rabin amfiya tana cin awa huɗu zuwa biyar. Duk tsawon nan na'urar da nake neman abinci da ita tana ɗaure. Da kwastoma ya kawo wayar da ta ƙi tashi, sai in cire ƙwaya, in canza saiti, in gama, in sake saiti daga farko da mita.

Abin da ya sa na je Sabon Gari na sayi caja bai tsaya nan ba. Akwai aikin da pawa saflai ba zai taɓa yi ba ko da zan kwana a gabansa: bayarwa kawai ya iya, ba ya karɓa. Sanin ainihin abin da ƙwaya ke riƙewa kuwa sai an cika ta, an zuƙe ta a hankali ana ƙirgawa. Na ɗauki caja mai gida huɗu, irin su LiitoKala Lii-500, wadda ke cika kowace ƙwaya ita kaɗai, ta sauke ta, ta rubuta maka mAh nawa ta bayar, ta sake cika ta, ta tsaya. Gani ya kori ji. Ƙwayoyin da na cika a pawa saflai suka yi mini kama ɗaya, wata ta ba da 2000, wata 1100. Da na haɗa su a batir ɗaya, mai raunin ce za ta riƙa ƙarewa da wuri ta ja sauran ƙasa, irin cutar da ta kashe batiran laftof ɗin tun farko.

Kada wani ya ce sai mai kuɗi ke samun wannan yankewar. Ɗan allon nan TP4056 da ake sayarwa da araha yana da ita. In ƙwaya ta gaza bolt 2.9 yana fara mata da kashi ɗaya cikin goma na karant, ya tsaya a 4.2, ya yanke in karant ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma. Yana ɗaukar zafi in yana ba da amfiya ɗaya, kuma ba ya gaya maka komai ban da launin fitila, amma abin da babbar na'urata ba ta iya ba shi ya iya.

Bayan gwaji na rubuta wa kowace ƙwaya lambarta a jiki, na ajiye su wajen mako biyu, na sake aunawa. Wadda boltejinta ya zube sosai alhali ba a jona ta da komai ba, ita ma na fitar. Na zaɓi goma sha biyu masu kusanci da juna, na raba su gida uku, huɗu-huɗu, yadda jimillar kowane gida za ta zo kusan ɗaya. Wani abokina mai injin waldar batir ya manna su da zirin nikel, don dalma da ayan suna dafa kan ƙwaya. Gidaje ukun a jere suna ba da bolt 12.6 a cike. Na saka musu allon kariya, BMS. Cajin farko na ari wata caja mai suna iMAX B6 na yi shi da wayar daidaitawa, wadda ke duba kowane gida daban. Pawa saflai jimilla kawai yake gani: in ka ba shi 12.6, bai damu ba ko wani gida na 4.4 wani na 4.0. Mai sayen B6 dai ya buɗe ido, jabunta sun yi yawa.

Da na kai wa kawu, sai ya jawo tsohuwar cajarsa ta batirin dalma zai jona.

Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, don Allah wannan ta yi ritaya daga kan wannan batirin."

Ya ce, "Ba duk sha biyu ba ne? Kuma ba ka ce ka saka masa abin kariya ba?"

Na yi masa lissafi a kan takardar awo. Cajar dalma tana hawa 13.8 har 14.4. Raba 14.4 gida uku, kowane gida zai sha 4.8, inda iyakarsa 4.2. BMS zai yanke, haka ne, amma shi mai gadin ƙarshe ne, an saka shi don ranar da wani abu ya ɓaci. In kullum shi ke tsayar da caji, ranar da ya gaza babu kowa a bayansa. Na ba shi caja mai 12.6 da amfiya 2 wadda aka yi don lithiyom mai gida uku, na auna bakinta da mita a gabansa, na nuna masa jar fitila da koriya. Na kuma gaya masa gaskiya cewa fankar za ta riƙa rage gudu in batir ya kusa ƙarewa, don zai sauko wajen bolt 9 ko 10. Da kuɗi sun isa, irin LiFePO4 mai gida huɗu, 12.8, shi ya fi dacewa da kayan bolt 12.

Tsohon batirin dalmar na taho da shi shago, a nan kuma pawa saflai ya sake yin rana. Na saita 14.4 da amfiya 0.7, kashi ɗaya cikin goma na 7Ah, a bakin ƙofa inda iska ke wucewa saboda iskar gas da yake fitarwa. Batir mai lafiya da ya sauka zai kama karant ɗin duka, boltejinsa ya ɗauki awanni yana hawa. Wannan ina jonawa ya yi tsalle zuwa 14.4, karant ya faɗi kusan sifili. Farantansa sun daskare da gishirin dalma, babu wurin da wuta za ta shiga. Na ba shi yini a hakan ko zai buɗe, na ɗora masa ƙwan mota ya dushe nan take. Na sayar wa 'yan gwangwan.

Ƙwayoyin da na fitar kuwa ban zuba su a bola ba, domin sharar unguwa ƙona ta ake yi kuma yara na tone ta. Na naɗe kan kowace da gindinta da salatif, na zuba su a gwangwanin fenti mai yashi, na ajiye a bayan gida nesa da rana har in samu mai karɓarsu. Kawu kuma na ce masa bayan salla ya aiko mini da batirin in buɗe in auna gidajen uku, in ga ko wani ya fara ja da baya.